Launukan da Yaya Take Gani

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Inna tana gaishe ki. Ƙafar tata ta yi sauƙi, har ta fara hawa bene ba tare da ta yi wa wanda ya gina shi Allah ya isa ba.

Tun da kin kafa doka cewa kada a ƙara turo miki saƙon waya, ga shi na koma takarda da biro. Direban da ke bi ta wajenku, da na tambaye shi ko zai kai miki wasiƙa, sai da ya yi dariya ya riƙe ciki. Ya ce rabonsa da ɗaukar ambulan tun yana kwandasta.

Yaya, wata dabara ce ta hana ni zama, kuma ke nake so ki fara ji. Kin san shagon gyaran kwamfuta da nake aiki. To, mako ba ya ƙarewa sai an shigo mana da kwamfutar da lafiyarta ƙalau. Shekaranjiya wani malamin makaranta ne, ya ce farin allon yana dukan idonsa. Kafin shi wata mai ɗinki ce, ta rungumo tata a cikin tawul kamar jaririya, wai so take fuskar kwamfutar ta zama kalar labulen shagonta, ta gaji da wadda aka sayar mata da ita. Oga ya ce mata nan asibiti ne, ba ɗakin kwalliya ba. Ta fita rai a ɓace. Na bi ta waje, a kan benci na yi mata, ko minti biyar ban yi ba. Ke dai bari, Yaya! Addu'ar da matar nan ta zuba mini, har sai da masu wucewa suka riƙa cewa amin.

Abin ba shi da wuya, ɓoye shi aka yi a can cikin saiti, mutane kuma tsoron taɓa saiti suke yi kada su lalata wani abu. Shi ne na ce, me zai hana in haɗa 'yar ƙaramar manhaja mai maɓalli ɗaya? Mutum ya zaɓi launin da ransa yake so, ita kuma ta daidaita sauran, bango da foldoli da rubutu, duk su zama 'yan ɗaki ɗaya. Wanda ko wannan ba zai iya ba, in bi shi gida ko ofis in yi masa. Har na haɗa kala goma sha biyu, na raɗa musu suna. Akwai Sanyin Safiya, akwai Bayan Ruwa, akwai Inuwa, wadda na fi ji da ita.

Ke da kika shekara talatin da huɗu kina buga takardun ofis, tun daga tafireta har zuwa kwamfuta, babu wanda ya kai ki sanin abin da masu zaman tebur suke so. Ki faɗa mini gaskiya, amma ki sassauta, kin san zuciyata ba ta da ƙwari.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu. Ka gaishe da Inna, ka ce mata benen ba zai gudu ba, ta bi shi a hankali.

Na karanta. Wato yanzu ƙanina ya zama mai fenti, sai dai babu bokiti babu tsani. Sanyin Safiya! To, wanda ya raɗa wa kyanwar gidanmu suna Janar, ba zan yi mamakinsa ba. Dabarar dai ba ta da laifi. A ofishinmu mutum goma sha ɗaya ne ke wuni a gaban kwamfuta, babu wanda ya taɓa sauya ko ɗigo, kowa da abin da ya tarar yake zaune kamar ɗan haya. In ka yi haƙuri za ka samu masu so. Sai dai na san ka da zumuɗi, kana ba da amsa tun ba a gama tambaya ba.

Yanzu ka tura ƙofa, kada Inna ta leƙo. Ka ga girman haruffan nan? Ba ado ba ne. Sai da kowa ya tashi daga aiki na buga su. Idona ne, Auta. Shekara biyu ke nan yana ja da baya. Wasiƙarka sai da na kai ta bakin taga da madubin ƙara girma, na yi kusan awa guda a kanta. Shi ya sa na hana saƙon waya, ba tsufa ba ne kamar yadda kuke tsokanata. Na sauya tabarau sau uku. Farin allon nan kuwa, kafin azahar sai in ji kamar an watsa mini yashi.

A ofis babu wanda ya sani. Yatsuna sun san hanya, ba sa jiran ido, kwamfutar kuma na san lungunanta kamar ɗakin kwanana. Ba na ƙara girman rubutu da rana, don bayana na ba ƙofa, duk mai shigowa allona yake fara gani. Saura mini wata tara in cika shekara talatin da biyar, in ajiye aiki da ƙafata, a yi mini sallama ta mutunci. Ga shi an kawo mana sabuwar shugaba. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma ba ta da wasa, kuma ta ce za ta bi aikin kowa ɗaya bayan ɗaya. In ta gane, takardar likita ce za ta biyo baya, a sallame ni a ce na gaza. Ina tsoron wannan kalma, ba zan ɓoye maka ba. Tun ina 'yar shekara ashirin da biyu nake wannan aiki, ba a taɓa dawo mini da takarda ba.

Maigidan ya sani, kai ne na biyu. Kada Inna ta ji. Daga yau kuma ka riƙa bugo mini da manyan haruffa, rubutun hannunka ko mai lafiyar ido sai ya yi gumi. Na ji za ka shigo sayen kayan gyara ranar Juma'a. Ka biyo ta ofis mu tafi gida tare.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka


Juma'a, a kan teburinki

Yaya,

Salamu alaikum. A gurguje nake rubutu, ki gafarci biro, ba na so firinta ta yi ƙara a leƙo. An kira ki taro, kin bar ni a kujerarki kin ce in zauna kamar mutum. Wallahi na yi ƙoƙari, na kai minti biyar.

Tun da na karanta wasiƙarki ban samu natsuwa ba. Da na ga farin nan da kike wuni a gabansa sai kunya ta kama ni. Ina ta tallar launi ga mutanen waje, ga Yayata tana ƙona ido. Don haka na sa miki Inuwa. Bangon ya koma baƙi-baƙi mai laushi, ba zai ƙara dukan idonki ba. Foldolinki kuma, haba Yaya, wa ya yi miki wannan aika-aika? Ja, kore, rawaya, shuɗi, a warwatse kamar shanyar kayan yara. Na mayar da su duka ruwan toka mai kyau, na jera su bi da bi bisa harafin farko na sunansu. Yanzu kam kowa ya gani ya san teburin babbar ma'aikaciya ne.

Zan kashe ta kafin ki dawo, kuma ba zan ce miki komai ba a hanya, ko da bakina zai yi ƙaiƙayi. So nake ranar Litinin ki kunna ki ga kyautarki. Takardar nan a ƙarƙashin kibod zan sa ta. Ke ce ta farko da manhajar ta yi wa aiki a ofis, sai ki ba ni labari.

Ga takunki nan ina ji. Sai an jima.

Auta


Ranar Talata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa lafiya, ka kuma samu Inna lafiya.

Sai yau mai shara ta ɗaga kibod ta miƙo mini takardarka. A banɗaki na ɓuya da madubina na karanta. Ka nemi labarin Litinin, zan ba ka, kuma ba da faɗa ba, na riga na huce.

Na kunna kwamfuta ƙarfe takwas saura. Allon ya taso da duhu. Na jira ja ya fito, bai fito ba. Babu kore, babu rawaya, sai toka-toka a jere. Na cire tabarau na goge, na mayar. Auta, ban kawo ka a raina ba ko kaɗan. Cewa na yi shi ke nan, ranar da nake tsoro ta zo, idon ya daina ganin launi. Na zauna hannuwana a kan cinya ina salati a zuci. Ko dabarar in dubi rigata in gwada ba ta zo mini ba.

Abin da ka kira shanyar yara, da shi nake gani. Shekara biyu ba na karanta sunan folda. Na roƙi mai kula da kwamfutocinmu ya rina mini su, na ce masa kwalliya ce. Ja ta takardun tuhuma ce, kore ta ƙarin girma, shuɗi ta hutu, rawaya ta sauyin wurin aiki, kuma kowace da mazauninta. In na buɗe, takardar a shirye take, na haddace ta tuntuni. Suna da lamba da kwanan wata kawai nake sawa in tura wa firinta. Ba na karantawa, don ba na iyawa.

Ina cikin wannan hali Shugaba ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce takardar ƙarin girman Baba mai lambu take so yanzu-yanzu, ta haɗa da waɗanda za ta sa wa hannu. Ta tsaya tana jira, ina jin numfashinta. Na kai linzamin kwamfuta daidai inda kore yake zama, na buɗe, na sa suna da lamba, na buga. Ta haɗa da tarin da ke hannunta ta wuce.

Ashe takardar tuhuma ce. Baba mai lambu ya shekara tara yana jiran ƙarin girman nan, kowa ya sani. Masinja ya kai masa ambulan har yana yi masa barka. Shi ba ya karatu, sai ya tafi da ita gida da murna, ya tara iyalinsa, ya ba 'yarsa ta karanta. Wai ya bayyana cikin kwana biyu dalilin sakacinsa da aiki. Yau da sassafe ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, hularsa a hannu, ya ce, "Uwar ɗakina, me na yi? Ko furannin bakin get ne da suka bushe?" Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

An gyara tasa. Yanzu tawa takardar tuhumar ce a kan tebur. Shugaba ta ba ni zuwa Litinin mai zuwa in bayyana a rubuce yadda aka yi haka. Mai kula da kwamfutoci yana hutu sai mako mai zuwa, don haka lallaɓawa nake yi. In ofis ya yi shiru sai in ƙara girman rubutu in nemi abin da nake nema, in na ji taku in mayar.

Na san don ni ka yi. Shi ya sa ban kira ka a waya ba, na bari sai da na huce.

Ka gaishe da Inna.

Yayarka


Ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaisuwar ba. Inna tana lafiya, sai tambayata take yi abin da ya hana ni cin abinci, na ce mata zazzaɓi ne.

Ki yafe mini, don Allah. Da na kai wurin da kika ce kin zaci idon ne ya tafi, kasa ci gaba na yi. Na zagaya bayan shago na yi kuka, Oga yana ta ƙwala mini kira. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Ban ajiye tsohon tsarinki ba. Manhajar tawa ba ta da maɓallin komawa baya, don ban taɓa tunanin wani zai so ya koma ba.

Ga shawarata. Ki rubuta cewa ƙaninki ne ya taɓa kwamfutar ba da saninki ba, ya hargitsa foldoli. Gaskiya ce tsantsa, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ni ma zan rubuto takarda in sa hannu. Za a yi miki faɗa don kin bar baƙo a kujerarki, amma iyakarsa faɗa, maganar ido ba za ta taso ba. Sai in zo da sassafe kafin mutane su taru, ki faɗa mini mazaunin kowane launi, in mayar miki da su yadda suke. Ki ƙarasa watanninki tara lami lafiya, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Jiya mai ɗinkin nan ta dawo. Ta ce tun ranar da na yi mata kalar labule take neman "shuɗin abin nan" da take ajiye awon mutane a ciki. Duk kwanakin nan a bayan kwali take rubuta awo, kunya ta hana ta dawowa tun da kyauta na yi mata. Ashe ba ke kaɗai na ɓatar ba. Na goge kalolin nan goma sha biyu. Oga ya yi gaskiya, gara in tsaya a kan sukudireba. Sana'ar fenti dai na ajiye ta.

Ina jiran umarninki.

Ƙaninki mai laifi,
Auta


Ranar Asabar

Auta,

Wa alaikumus salam. Ka ci abinci, kada ka sa Inna ta fara jiƙa maka magungunanta masu ɗaci, ka jawo wa kanka zazzaɓin gaske.

Na yafe tun ranar Talata, kada ka ƙara maimaitawa. Shawararka kuma na juya ta, har na buga amsar. Ta yi kyau, layi shida cif. Sai na tambayi kaina abin da Shugaba za ta iya tambayata. To, an hargitsa foldoli, mun ji. Ke kuma da takardar ta fito daga firinta, ba ki duba ba? Ko ba ta tambaya ba, ni na san amsar. Kai ka sauya launi, amma ni na miƙa takardar da ban karanta ba, kuma shekara biyu ina yin haka. Allah ne kawai ya rufa mini asiri.

Ranar Alhamis na sauka lambu na samu Baba yana yanke shinge. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai uwar ɗakina, ai ta gaskiyar ta iso, har an sa ta a leda. Sai ya ce ranar Litinin ɗin matarsa har ta fara ɗaure kwanuka, don gidan da suke ciki na ofis ne, ta ɗauka kora ce ke tafe. Yana faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Wata tara takarda nawa ke nan, Auta? Gida nawa za su shiga?

Na yaga amsar farko. A ta biyu na faɗi komai, idon da launukan da kai. Jiya ƙarfe goma na safe na buga ta, da manyan haruffa, bayana ga ƙofa, duk mai wucewa yana gani. Masinja ya tsaya ya ce, "Yaya, yau allon talla kike rubutawa?" Na ce masa eh. Litinin zan miƙa. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Maigidan ya ce ko an sallame ni daga ofis shi ba zai sallame ni ba, na ce masa na gode da wannan babban alheri.

Maganar ajiye sana'a kuma, ka daina shirme. Don gishiri ya yi maka yawa sau ɗaya sai ka rufe kicin? Mai ɗinki wurinka ta dawo, ba wurin Oga ba. Ka je shagonta ka zauna, ka sa hannuwanka a aljihu, ka ce ta nuna maka yadda take aiki tun daga kunnawa. Kada ka taɓa komai sai ta gama. Kuma ka yi wa abin nan naka maɓallin komawa baya.

Ka sa ni a addu'a ranar Litinin.

Yayarka


Daga Ofishin Shugaba
Zuwa ga Babbar Mai Buga Takardu

Bayan gaisuwa, na karɓi amsarki ta ranar Litinin, kuma na karanta ta sau biyu.

Barin wanda ba ma'aikaci ba a gaban kwamfutar ofis kuskure ne, kuma wannan takarda gargaɗi ce a kansa. Ɓoye lalurar da ta shafi aiki shi ma kuskure ne. Sai dai ya kamata a rubuta cewa takardar da ta je wa mai lambu da sa hannuna ta je, ni kuwa idona lafiya lau.

Za ki ga likitan ido cikin wannan mako, ki kawo rahotonsa. An ba da izini ƙanin naki ya zo ranar Juma'a, a gaban mai kula da kwamfutoci, ya tsara miki allon yadda za ki iya karanta abin da kika buga. Daga Litinin ta gaba za a yi gwaji na mako biyu. Duk takardar da ta fito daga teburinki, ke za ki fara karanta ta ki sa alama, sannan ni in sake dubawa. In aikin ya tsaya, za ki ƙarasa wa'adinki. In bai tsaya ba, ba zan iya riƙe ki a wannan tebur ba, kuma gara ki ji daga gare ni tun yanzu.

Ni na buga wannan da kaina, da yatsa biyu. In kin ga kuskure ki yi haƙuri.

Na gode da gaskiyar da kika faɗa.

Shugaba


Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na samu Inna lafiya. Ta ce na yi ƙiba a kwana biyu, wai abincin gidanki ya fi nata ke nan, ki shirya amsa.

Akwai abin da ban iya faɗa miki ba ranar Juma'a a gaban mai kula da kwamfutoci. Da kika ce in ja kujera in zauna a gefe, na sa hannuwana a aljihu kamar yadda kika umarta. Sai na ga inda kike kai fuskarki, hancinki saura kaɗan ya taɓa allo. Na karanta a wasiƙa, amma ban san ya kai haka ba. Shi ya sa kika ga na duƙa ina ta bincike a jakata, ba abin da nake nema.

Kin san awa huɗu muka yi? Ni da nake taƙama da minti biyar! Baƙin da na ce yana da laushi, kika ce laka ne. Fari a kan baƙi, kika ce haruffan suna zubar da haske. Na kawo shuɗi, kika ce in kai kasuwa. Sai da muka kai ga rawayar nan mai kauri, wadda ni ko da roƙo ba zan sa ta cikin kalolina ba, kika ce, "Tsaya. Kada ka motsa." Kika karanta layin farko a bayyane, a hankali, kina bin sa da yatsa. Mai kula da kwamfutoci ya ce allon ya koma kamar alamar gefen titi. Gaskiyarsa ne, muni kam akwai shi. Amma ban taɓa yin aikin da ya faranta mini rai haka ba.

Kafin in zo wurinku na je shagon mai ɗinki, na zauna awa guda bakina a rufe. Mun gano shuɗin, awon mutane yana nan daram. Ta haɗa ni da maƙwabcinta mai kemis, shi kuma ja da kore ne ba ya bambantawa, shekara da shekaru bai faɗa wa kowa ba. Yanzu manhajar tambayoyi take fara yi, maɓallin komawa baya kuma ya fi kowanne girma. Oga ya ce in dai zan riƙa kai mutanen benci, ba ruwansa.

Gobe za ki fara gwaji. Ban faɗa wa Inna komai ba, na dai ce ta sa ki a addu'a, ta ce yaushe ta taɓa cire ki. Me likita ya ce, Yaya? Sau biyu kika kauce wa tambayar, na lura.

Allah ya ba ki sa'a.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, a gaishe da Inna.

Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a rage wa sauran gudu. Bayan wata uku zan neme ka ka ƙara wa haruffan girma. Inna kuma ni zan zo in faɗa mata da bakina.

Gwajin mako biyun nan ya ƙare ranar Juma'a. Yau da safe Shugaba ta zo ta tsaya a bayana, ta ce in buɗe sabon shafi, ta fara yi mini shifta. Sai da na kai layi na uku na gane takardata ce. Zan ƙarasa wa'adina a teburina.

Da ta fito daga firinta, Shugaba ta miƙo hannu za ta karɓa. Na ce ranki ya daɗe, ban karanta ba tukuna. Ta janye hannun ta tsaya. Na bi ta tun daga sama, sai na tarar na tsallake kalma guda a layi na huɗu. Ni na gan ta, Auta, babu wanda ya nuna mini. Na gyara, na sake bugawa, sannan na ba ta.

Ka huta lafiya.

Yayarka